Na'urar Gano Ƙarya a Kicin ɗin Nimfa

Tafarnuwa ta fara yin ja a kasko ke nan aka leƙo daga ƙofar ofis aka kira Lorna.

"Wace Lornar?" in ji Nimfa, ba ta ko waiwaya ba. "Wadda ke naɗe mini lumpiya? Ku ce wa mai na'urar ta yi tafiya."

"Ate Nimfa, layina ne ya zo," Lorna ta ce, tana goge hannu a jikin rigarta. Kowa a kicin ɗin Ate yake kiran Nimfa, wato babbar yaya, har waɗanda suka girme ta. "In ban je ba sai a ce tsoro nake ji."

"To je ki. In kin dawo kin tarar da amarya tana cin ganyen kabeji zalla, ki ce mata na'ura ce ta dafa."

Asabar ce, Kirsimeti ya matso, kuma kamfanin girkin Madam Choleng da ke birnin Marikina yana da bikin auren mutum ɗari uku a wuyansa. Dole motar kai abinci ta tashi kafin cunkoson yamma ya toshe hanya. A irin wannan rana ce Arnel, ɗan Madam, ya ga damar kawo mai na'urar gano ƙarya, wai don mutumin ba shi da wata ranar da yake da sarari.

Tun watan jiya kwalayen jatan lande suke ɓacewa daga ɗakin sanyi, manya masu tsada waɗanda ake ajiyewa don bukukuwan ƙarshen shekara. Arnel, wanda ya baro aikin banki a Singapore ya dawo ya karɓi ragamar kamfanin daga hannun uwarsa, ya canza kwaɗo ya raba makulli uku: nasa, na uwarsa, da na Nimfa. Kwalaye suka ci gaba da tafiya. Sai ya tara ma'aikata ya ce babu dole, wanda ya ga dama shi zai hau na'ura. Ya faɗi haka yana kallon fuskokinsu ɗai-ɗai, kowa kuwa ya ga dama.

Nimfa ta juye nama a kan tafarnuwar, ta bar ludayi a hannun mai yanka albasa, ta koma teburin Lorna ta ci gaba da naɗe lumpiyar da kanta, wato nama da kayan lambu a cikin siririn ɓawon fulawa. Tun safe haka ake yi mata. A cire mata mutum ɗaya daga bakin wuta, a riƙe shi kusan awa guda, a dawo mata da shi a rikice. Mai gasa kaji ya dawo ya zuba sukari a madadin gishiri. Direba ya dawo ya ƙi yi wa kowa magana, ya je ya zauna a cikin mota ya rufe gilashi.

Lorna ta dawo ido jawur.

"Na faɗa masa komai, Ate."

"Komai na me? Ke kika kwashe?"

"A'a! Amma ya tambaye ni ko na taɓa ɗaukar wani abu ba da izini ba. Na ce masa na cinye kwano guda na kayan zaƙin nan, leche flan, a bikin likitan haƙorin nan, a bayan labule. Na ce masa ina tafiya da ragowar ƙashin kaza wa karena. Har zancen cokalin da na kai gida bisa kuskure ban dawo da shi ba."

"Ashe ke ce da cokalina," in ji Nimfa. "Yesu da Maryamu. Fada a coci bai taɓa jin rabin wannan daga bakinki ba. Zauna ki naɗe, kuma kar ki ɗiga mini hawaye a ciki, gishirinsa ya yi daidai."

Wajen tsakar rana Madam Choleng ta sauko daga bene. Gidanta yana saman kicin ɗin, kuma da kasko ɗaya a bakin wannan titi ta fara sana'ar kafin a haifi Arnel. Ta yi kwalliya tsaf, da hoda da 'yan kunnen lu'ulu'u, tarin makullai na kaɗawa a igiyar da ke wuyanta. Ta karɓi cokali ta ɗanɗana miyar kaldereta, ta lumshe ido.

"Ƙara hanta kaɗan. Bikin wa muke yi?"

"'Yar gidan Sarmiento, Madam," in ji Nimfa.

"Wane ne baƙon da ke ofis?"

"Mai gyaran kwamfuta ne."

Madam ta zagaya ta duba shinkafa, ta gyara wa Lorna naɗi ɗaya da yatsunta masu sauri har yanzu, ta dawo gaban tukunyar ta sake ɗaukar cokali.

"Ƙara hanta kaɗan. Bikin wa muke yi, Nimfa?"

"'Yar gidan Sarmiento, Madam," ta sake cewa, da murya irin ta farko. Babu wanda ya ɗaga kai a kicin ɗin.

Nimfa ta san inda jatan landen suke zuwa. Wata safiya ta zo aiki da wuri ta hangi Madam a bakin titi tana sa mai babur mai ƙafa uku ya ɗaure kwalaye biyu, tana ce masa ya kai gidan marayun da sistocin coci ke kula da shi, gobe bikin majami'a ne kuma ta yi alkawari. Bikin majami'a a watan Mayu ake yi. Da Nimfa ta tuna mata da maganar daga baya, Madam ta kalle ta kamar ta zage ta, ta ce ita ba ta aiki kowa ko'ina ba. Nimfa ta gwada ɓoye makullin, tsohuwar ta wuni tana kuka tana cewa an mai da ita baƙuwa a gidanta, dole ta mayar. Ta gwada yi wa Arnel zancen mantuwar uwarsa, tun kafin ta kai ga kwalayen ya tare ta da cewa gajiya ce kawai, Mama tana bukatar hutu. Sai ta ja bakinta. Matar nan ce ta ɗauke ta aiki lokacin da mijinta ya gudu ya bar ta da goyo, kuma ba ta ga yadda za ta tsaya a gaban ma'aikata ta ce hankalin Madam ya fara tafiya ba. Ta sa a ranta cewa na'urar za ta yi 'yan zane-zanenta, ba za ta kama kowa ba tunda babu ɓarawo, Arnel ya biya kuɗinsa ya huce.

Bayan Madam ta koma sama aka kira Mang Ambo, tsohon da ke wanke tukwane. A ɗan ɗakin da ke bayan kicin yake kwana tun rasuwar matarsa, ba shi da wani wuri. Ya daɗe a cikin ofishin fiye da kowa. Tukwane suka taru a bakin famfo har Nimfa ta rasa inda za ta tace taliyar pansit, ta naɗe hannun riga ta wanke biyu da kanta tana ƙunƙuni. Da ya fito bai koma wurin aikinsa ba, ya zauna a kan buhun shinkafa ya zuba wa tafin hannunsa ido.

"Mang Ambo, tukwane ba za su wanke kansu ba. Me ya faru?"

Ya yafito ta da hannu, ta sunkuyo.

"Ya tambaye ni ko na taɓa fitar da kwali daga ɗakin sanyi. Na ce a'a. Na ga ya yi rubutu."

"To ai ba ka fitar ba."

"Wa kike tsammani yake ɗaukar mata zuwa bakin titi? Ita za ta iya ɗaga kwalin?" Ya yi maganar ƙasa-ƙasa. "Ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce Ambo, ɗauko. Kayanta ne. In ce mata a'a?"

Nimfa ta dafe goshi. "Kai ma ka sani, ni ma na sani, muna ta kallon juna kamar kifaye a kasuwa."

"Kar ki faɗa, Ate. Gara a ce ni ne. Ni an saba ganina a ƙasa."

"Rufe mini baki, tsoho. Tashi ka wanke mini babbar tukunya."

Tana cikin juya pansit a kasko aka kira sunanta. Ta miƙa wa Lorna ludayi, ta ce in ya kama ƙasa ta nemi wani aikin, ta shiga ofis da zufarta.

Mai na'urar, Mista Ilagan, tsohon ɗan sanda ne mai tumbi da ladabi. Ya juya kujera ta fuskanci bango, ya ce ta zauna. Ya zagaya mata wasu robobi biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ya ɗaura mata abin awon jini a damtse, ya maƙala wayoyi a yatsunta biyu masu warin tafarnuwa. Wayoyin duka sun tafi cikin wani ƙaramin akwati da ke haɗe da kwamfutarsa.

"Ƙafafu a ƙasa, kar ki motsa. Amsa e ko a'a ce kawai."

"Ina da nama a wuta."

"Ba za mu daɗe ba. Sunanki Nimfa Villaruel?"

"Tun ranar da aka yi mini baftisma."

"E ko a'a, don Allah."

"E."

"Yau Asabar ce?"

"Da ka san Asabar ce ai da ba ka zo ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya danna wani abu, ya ce za su fara daga farko. Abin awon jinin ya matse mata hannu har yatsunta suka fara tsami.

"Kin taɓa yi wa wanda ya yarda da ke ƙarya?"

"Na yi aure, na raini 'ya'ya uku. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Aling Nimfa," ya ce, da laƙabin da ake girmama manyan mata da shi.

"E. To, e."

"Kin taɓa ɗaukar wani abu a wurin nan ba da izini ba?"

"Ɗanɗane yana ciki? Don in yana ciki, na cinye saniya guda a kamfanin nan."

"Ban da ɗanɗane."

"A'a."

"Ke kika ɗauki kwalayen jatan lande?"

"A'a."

"Kin san wanda ya ɗauka?"

Bangon da ke gabanta yana da tsohuwar kalanda da hoton Madam tana yanka kek a wani biki. Nimfa ta ji bugun zuciyarta a cikin abin da ke matse da damtsenta, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana daka a maƙwabta.

"A'a."

Ta ji ƙarar alƙalaminsa a kan takarda. Ya sassauta mata hannu, ya bar ta ta huta, ya sake jero tambayoyin, ya kuma sakewa. Duk lokacin da aka zo ta ƙarshen sai ta ji alƙalamin. Daga kicin ƙauri ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Abin naka ya ce ni ɓarauniya ce?" ta tambaya yana kwance mata wayoyi.

"Ba ya cewa komai, Aling Nimfa. Yana nuna inda jikin mutum ya motsa ne. Ni in rubuta, mai gida ya yanke."

"Aiki mai daɗi. Kai ba ruwanka, akwati ba ruwansa."

Pansit ɗin ya kama ƙasa. Ta kwashe na sama, ta zubar da sauran, ta ɗora sabon ruwa, ta aika a ciro direba daga mota ya zo ya yanka karas. An fara jera tirori a bakin ƙofa ke nan Arnel ya fito daga ofis, farar rigarsa ko ɗigon mai babu, ya ce yana son ganinta. Suka tsaya a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin sanyi, inda ƙarar injin ke rufe magana.

"Na'urar ta kama Mang Ambo a kan kowace tambaya," ya ce. "Ke kuma a kan guda ɗaya. Na gane, Ate, tausayinsa kike ji, shi ya sa kike rufa masa asiri. Ba zan kira 'yan sanda ba. Ya kwashe kayansa kafin Litinin, shi ke nan."

"Ya kwashe ya kai ina?"

"Wannan ba matsalar kamfani ba ce."

"Nel," ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun kafin ya tafi jami'a. "Ni na wanke maka kashi a wancan famfon. Kar ka yi mini muryar banki. Ka hana ni aiki tun safe, ka sa Lorna kuka a kan cokali, ka ƙona mini taliya, yanzu kuma za ka jefa tsoho a titi ana dab da Kirsimeti. Makulli nawa ka yanka?"

"Uku."

"Naka, nawa, sai na wa? Ambo ɗauka kawai yake yi, don mai kayan ce take sa shi. Mamanka ce. Tana aika wa sistoci, tana cewa bikin majami'a ne. In ta wayi gari ba ta san ta yi ba. Yau sau biyu ta tambaye ni bikin wa muke yi, cokali bai bushe a hannunta ba. Ga shi na faɗa, Allah ya yafe mini. Ka je ka ɗaura mini wayoyin ka gani ko ƙarya ce."

Ta zaci zai yi tsawa, ko ya ce ta yi wa uwarsa ƙazafi. Sai ya jingina da ƙofar ɗakin sanyin, ya cire tabarau, ya murza idonsa.

"Sista Pilar ta kira ni makon jiya," ya ce. "Ta ce yaran sun gode, amma firjinsu ya cika, don Allah a dakata."

Nimfa ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Ka sani? Ka sani ka kawo mana wannan mutumin?"

"Na ce ko ba duka ba ne. Ko ta aika biyu ko uku don sadaka ta manta ta faɗa, sauran kuma wani ne yake sata. Kowa yana mantuwa, Ate."

"Wato roƙon Allah kake yi a samu ɓarawo."

Bai musa ba. Ya tsaya yana juya tabarau a hannunsa, sai ta ga bai fi yaron da ke ɓuya a bayan buhunan shinkafa in ya fasa faranti ba. Haushin bai bar ta ba, amma ya rasa inda zai sauka.

"In ta tabbata," ya ce, "sai na karɓe mata makulli. Sai na kai ta asibiti su yi mata tambayoyi kamar ƙaramar yarinya. Ita ta gina ɗakin nan. Na dawo ne don in taya ta, ban dawo don in..."

"Da sai ka bar Ambo ya tafi?"

"Ban sani ba."

"To ni na sani. Wuce."

Ta tasa shi a gaba har bakin famfo. Mang Ambo yana durƙushe rabin jikinsa a cikin babbar tukunya. Arnel ya tsaya a kansa ya ce babu inda za shi, ɗakinsa nasa ne, ya yi haƙuri. Tsohon ya ɗago, ya dubi Arnel, ya dubi Nimfa da ido mai zargi.

"Kin faɗa."

"Na faɗa. Ka kai ƙarata wurin akwati."

Mista Ilagan ya leƙo yana tambaya ko a turo na gaba, saura mutum biyu kuma an riga an biya kuɗinsu. Arnel ya ce ya naɗe kayansa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce rahoto zai iso ranar Laraba.

Aka loda mota. Nimfa ta bi tirorin ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga murfi tana shinshinawa, ta sa aka canza wa kaldereta wuri don kar ta zube a kwana. Direba ya tayar da inji yana danna hon. Ta sa ƙafa ɗaya a kan matakin motar, sai ta hangi Arnel tsaye a gindin benen gidan, hannunsa a kan ƙarfen dafawa, bai hau ba bai kuma koma ba.

Tunda ta zama shugabar kicin ba ta taɓa barin abincinta ya je biki ba tare da ita ba. Ta tsaya, ta ja tsaki mai tsawo, ta sauke ƙafar.

"Lorna, hau gaba. Kaji a fara fitarwa, pansit daga ƙarshe, kuma kar ki bar uwar amarya ta taɓa mini jeri. In na ji kin shiga bayan labule, sai na yanka ki."

"Ate, ni kaɗai?"

"Tafi kafin in canza ra'ayi."

Mota ta fita. Nimfa ta wanke hannu, ta gyara gashinta a gilashin taga, ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Kai za ka yi magana," ta ce. "Ni tsayawa kawai zan yi."

"Me zan fara cewa?"

"Uwarka ce, ba manajan banki ba. Hau mana, ƙafafuna ciwo suke."

Ya taka matakin farko, tana biye da shi. Daga sama suka ji an buɗe ƙofa, muryar Madam Choleng ta sauko musu, garau, cike da murna.

"Wane ne? Nel, kai ne? Yaushe ka iso? Ku hawo, ku hawo. Nimfa, yaron nan ya ci abinci kuwa?"